Yadda ake shuka itacen oak daga ƙwallonsa, ga mai iya jira

Ni dai ba da niyya na shiga wannan harkar ba. Wata ranar Asabar ce cikin watan Oktoba muna zagaya wani fili mai itatuwa kusa da inda muke zaune nan Ingila, 'yata ta dinga tsintar wasu 'yan ƙwallaye masu hula a ka, 'ya'yan oak, wata babbar bishiya da ta yi yawa a ƙasar nan, tana cusawa a aljihun rigar sanyinta, muna dawowa gida ta juye min su a cinya ta ce Baba mu shuka. Na ce toh ba damuwa. Na jera su a kan taga kusa da hita na ce sai na samu lokaci, kuma kun san yadda lokaci yake a ƙasar nan, sai bayan sati uku na tuna da su, na binne su a roba na yi ta ban ruwa har watan Mayu, wallahi ko ɗaya bai fito ba. Ashe tun a kan tagar nan suka mutu ni ban sani ba, gawa na yi wata bakwai ina yi wa ban ruwa.

Saboda haka kafin komai ka riƙe wannan, ƙwallon oak ba ya jira. Abin zai ba ka mamaki tunda bishiyar da ake buga misali da ita wajen haƙuri kenan, amma ƙwallon nata ba irin gero ko wake ba ne da za ka shanya ka zuba a rumbu sai damina, shi da zarar ruwan jikinsa ya ƙone shikenan ya tashi aiki. Wanda ya taɓa shuka ƙwaran kaɗanya a gida zai gane abin da nake nufi, shi ma haka yake, in ka bar shi ya kwana biyu a rana ba zai tsiro ba. Aikin nan farkonsa hanzari ne, sauran kuma duk jira.

Lokacin tsinta a nan shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da ganye ya fara canza kala yana zuba. Waɗanda suka fara faɗowa da wuri ka ƙyale su, yawancinsu tsutsa ce ta ci cikinsu shi yasa uwar ta yar da su. Ka bari sai zubar ta kankama. Ka zaɓi masu launin ƙasa-ƙasa, masu sheƙi, masu nauyi a hannu, waɗanda in ka taɓa hular sai ta cire da kanta ba sai ka yi kokawa da ita ba. Duk wanda ka ga ɗan rami a jikinsa kamar an huda da allura, wannan mai gidan ya riga ya ci ya fita, jefar. Kuma ka tsinta da yawa, talatin ko hamsin, kar ka ɗauki uku ka ce ai bishiya ɗaya nake so, za ka ga dalili nan gaba. In wata shekarar ka je ka tarar ƙasan bishiyar wayam kar ka ce ko an yi mata wani abu, haka ɗabi'arta take, sai ta yi 'yan shekaru tana ba da kaɗan-kaɗan sannan shekara ɗaya ta zubo su kamar hauka, duk itatuwan yankin a tare, yadda kurege da ɓera da tsuntsaye za su ci su ƙoshi su bar saura. A cikin sauran nan ne daji ke samun 'ya'ya.

Ɗaga kai ka kalli ganyen uwar kafin ka bar wurin, don shi zai gaya maka irin aikin da ke gabanka. Oak ba iri ɗaya ba ne, akwai nau'i wajen 500 a duniya, daga Amurka da Meziko har Turai da China da Maroko (Larabawa ballut suke ce masa). Amma don shuka, gida biyu za ka raba su. In gefen ganyen lanƙwasa-lanƙwasa ne masu zagaye babu tsini, wannan dangin fari ne, su ne na asalin Ingila, ƙwallonsu cikin shekara ɗaya yake nuna kuma yana taɓa ƙasa mai laima zai fara fitar da saiwa, wani ma tun a cikin leda za ka ga ya fasa baki. In kuwa ganyen masu tsini ne a ƙarshe, wannan jan oak ne ɗan Amurka, ana shuka shi sosai a filayen shaƙatawa a nan, shi ƙwallonsa sai ya shekara biyu a kan uwar kafin ya nuna, kuma ko ya faɗo ba zai tsiro ba sai sanyi ya ratsa shi na wata ɗaya zuwa uku.

Kana zuwa gida, ranar fa ba gobe ba, ka cire musu hula ka juye su a bokitin ruwa. Waɗanda suka nutse su ne naka. Waɗanda suka taso sama holoƙo ne ko masu tsutsa, kwashe ka zubar. A nan kaɗai za ka iya rasa kashi ɗaya cikin uku, kar ranka ya ɓaci.

In dangin fari ne ka shuka nan take. In ja ne, ko kuma ba ka shirya ba, sai ka samu leda ka zuba yashi ko dusar katako mai ɗan laima, laima fa ba jiƙa sharkaf ba, yadda in ka matse a hannu ruwa ba zai ɗiga ba, ka zuba ƙwallayen ciki ka bar bakin ledar a ɗan buɗe don su sha iska, ka sa a firij wajen da ake ajiye kayan miya. Firij na ce ba firiza ba, ƙanƙara kashe su take. Kuma ka yi wa uwargida bayani tun da wuri, ka rubuta a jikin ledar, don ni tawa sau ɗaya na tsamo ta daga kwandon shara. Duk sati biyu ka leƙa, wanda ya yi fumfuna ka cire, wanda ya fito da farin tsiro ka kai shi ƙasa.

Maganar abin shuka kuma, zurfi ake nema ba faɗi ba. Oak saiwa guda yake fara turawa can ƙasa kai tsaye kamar karas, in ta ci karo da gindin roba tun tana ƙarama sai ta naɗe kamar gammo, kuma bishiyar da saiwarta ta naɗe wahala take sha har girma. Samo abin da ya kai zurfin santimita 30, ni robar lemo ta lita biyu nake yanke wa kai in huda gindin da ƙusa mai zafi, ba sai ka kashe kuɗi ba. Ƙasa kuwa ka haɗa ta lambu da ɗan taki ruɓaɓɓe da yashi yadda ruwa zai dinga wucewa. Ka kwantar da ƙwallon a gefensa, a kwance, kar ka tsaya lissafin ina ne sama ina ne ƙasa, saiwa da tsiro duk ta wajen tsinin suke fita kuma kowanne ya san hanyarsa ba sai ka nuna masa ba. Rufe da ƙasa kamar santimita 3, gaɓar yatsa ɗaya da 'yan kai. Ɗaya a kowace roba. Ka ba shi ruwa ka ajiye a waje, a waje dai cikin sanyin nan, ba a falo ba, tausayin da za ka ji masa ka shigo da shi ɗaki cutarwa ce.

Sai raga. Dan Allah kar ka tsallake wannan. Shekarata ta biyu na yi komai daidai, na jera robobi goma sha biyu a bayan gida, na yi bismillah na ce na bar wa Allah, da safe na fito na tarar an tone takwas, kuregen ma yana zaune a kan katanga yana kallona ko kunya babu. Da na ba wani abokina labari dariya ya yi ya ce Malam ai kai ma ka san hadisin, mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ɗaure ta sannan ka yi tawakkali. Toh ragar waya ita ce igiyar raƙumar. Ka samu mai ƙananan idanu wadda ɓera ma ba zai shiga ba, ka rufe saman robobin ka ɗaure ko ka danne da bulo.

Daga nan kuma sai abin da ya fi komai wuya, wato ka ƙyale shi.

Nuwamba, Disamba, Janairu, Fabrairu, kullum ka leƙa ƙasa ce kawai baƙa a cikin roba, wani lokacin ma ta daskare. Ba ganye ba tsiro ba komai. Zuciya za ta yi ta raya maka cewa tona ka gani mana, ko ya ruɓe ne, ko ɓera ya shiga ta ƙasa. Na tona guda biyu a shekarar, kuma duka biyun na tarar da farar saiwa ta yi nisa har ta kusa gindin robar, kuma duka biyun na karya ta wajen tonawar, da hannuna na kashe su don kawai ina so hankalina ya kwanta. A nan ne na fara fahimtar cewa rashin ganin abu da rashin aukuwarsa ba ɗaya ba ne, wata huɗu cur yana aiki a inda ido ba ya kaiwa, sai ya gama kafa ƙafarsa sannan zai nuna fuska. Akwai ayar nan ta 24 a Suratu Ibrahim da aka misalta kyakkyawar kalma da kyakkyawar bishiya, tushenta tabbatacce reshenta a sama, na sha karanta ta amma sai da na riƙe karyayyar saiwar nan a hannu na lura cewa tushen aka fara ambata. Kuma in ka duba da kyau, duk cikin aikin nan abin da ke hannunka bai wuce tsinta da zaɓe da binnewa da raga ba, tsaga ƙwallon ya fitar da rai ba naka ba ne, shi yasa a Suratul An'am aka kira Allah mai tsaga ƙwaya da ƙwallo. Addu'ar da ka daɗe kana yi ba ka ga alama ba, ni yanzu haka nake kallonta, ban cika son tona ta ba.

Abin da za ka yi a watannin nan ɗaya ne, ka tabbatar ƙasar ba ta bushe ƙarau ba kuma ba ta zama taɓo ba. A Ingila ma sama ce za ta yi maka ban ruwan.

Wajen Afrilu ko Mayu za ka ga wani ɗan jan tsinke ya leƙo, bayan kwana kaɗan ya buɗe ganye huɗu ko biyar, ƙanana amma sak irin na uwar. Ranar da namu ya fito 'yata har makaranta ta kai labari. Sai ka ɗaga ragar sama ka yi mata kamar keji, kar ka cire gaba ɗaya, don har yanzu ƙwallon na nan a ƙasa yana ciyar da tsiron kuma kurege ya san da haka. Ka ajiye inda zai samu rana, ka dinga ba shi ruwa lokacin zafi tunda roba saurin bushewa take. In ka ga wani farin abu kamar an barbaɗa gari a ganyen, cuta ce da ke yawan kama ƙananan oak, ba kasafai take kashewa ba, ka raba robobin su sha iska kuma ka daina zuba ruwa ta kan ganye. Taki kar ka cika. Duk shekarar farko bai fi ya yi taƙi ɗaya ba, in ya yi ƙoƙari taƙi da rabi. Da kaka ta zagayo ganyen zai bushe ya bar maka tsinke tsirara kamar tsintsiya ɗaya a roba, baƙon da ya gani zai ce me kake ajiye da wannan, bai mutu ba barci yake, kankare ɓawon kaɗan da farce za ka ga kore.

Dashe kuma bayan shekara ɗaya ko biyu ake yi, tsakanin Nuwamba da Maris lokacin da yake barcin, ranar da ƙasa ba ta daskare ba. Kar ka wuce haka a roba. Amma tun kafin ranar ka zauna ka yi tunanin wuri da kyau, don wannan ɗan tsinken zai iya kai mita 20 zuwa 40, rassansa su baje su rufe fili guda, ba abin dasawa a jikin katangar gidan haya ba ne. Ka nemi mai gona ko makaranta ko masallaci ko coci mai fili, ko ƙungiyoyin dashen itace na unguwa, ka nemi izini, kar ka je filin hukuma da dare ka dasa, mai yankan ciyawa zai bi ta kai da inji bai ma san ya yi ba. Ka haƙa rami daidai zurfin robar amma ya fi ta faɗi, ka yanka robar ta gefe maimakon ka fizgo shi, ka zaunar da shi daidai inda ƙasa take a wuyansa a da, ka mayar da ƙasa ka taka a hankali, ruwa, sannan ka zagaye gindin da ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace amma kar ya taɓa jikinsa. Ka sa masa bututun kariya ko keji saboda zomo da barewa. Shekara biyu zuwa uku na farko ka dinga cire ciyawar gindin kana kai masa ruwa in an yi fari, ciyawa ta fi komai danne ƙaramin itace.

Toh yanzu ga lissafin da ya kamata ka sani tun kafin ka sunkuya ka tsinci na farko. Oak ɗin Ingila sai ya kai wajen shekara 40 kafin ya fara ba da ƙwallo na kirki, ƙarfin haihuwarsa kuma sai tsakanin 80 da 120. Turawan nan suna da wata magana, wai shekara 300 yana girma, 300 yana zaune, 300 yana mutuwa. Akwai wata a dajin Sherwood kusa da Nottingham da ake kira Major Oak, ana ƙiyasta ta kai shekara 800 zuwa 1,000, an tokare rassanta da sanduna kamar tsohuwa da 'ya'ya suka tallafe. Ni da na fara wannan abu na haura arba'in, kai ma yi naka lissafin. Inuwar ba tamu ba ce.

Wani zai ce to meye amfanin. Wannan tambayar ba yau aka fara ta ba, kuma labarin da ya fi tsaya min a rai na ƙasar Suwidin ne. Wajen 1830 gwamnatinsu ta ga cewa itacen ƙera jiragen yaƙi na ruwa zai yanke mata, sai ta sa aka dasa oak kusan 300,000 a wani tsibiri mai suna Visingsö da ke tsakiyar tafkin Vättern, aka cakuɗa su da wasu itatuwa don su miƙe sambal suna neman rana. Aka yi ta kula da su, masu dashen suka mutu, 'ya'yansu suka mutu, sai a 1975 aka aika wa rundunar sojan ruwa cewa katakonku ya isa sara. Lokacin an fi shekara ɗari da komawa jirgin ƙarfe. In ka so ka yi dariya ka ce aikin banza, amma dajin na nan har yau, mutane na zuwa yawo a cikinsa, ana amfani da katakon a wasu ayyukan da masu dashen ko a mafarki ba su hango ba. Haka Faransa, da babban cocin Notre-Dame na Paris ya ƙone ranar 15 ga Afrilu 2019, rufinsa na katakon oak ne tun ƙarni na 13, da aka tashi gyara sai da aka saro oak sama da 1,000 daga dazukan ƙasar, da yawansu sun haura shekara 150, har aka sake buɗe shi a Disamba 2024. Wanda ya raini waɗannan itatuwan suna ƙanana bai san gobara za a yi ba, bai san inda za su ƙare ba, ya dai yi aikinsa ya tafi. A Fotugal kuma akwai wani nau'in da ɓawonsa ake ɓarewa a yi abin toshe bakin kwalba, sai ya shekara 25 kafin a fara ɓarewa, daga nan duk bayan shekara 9, kuma na farko da na biyu ba su da kyau sosai sai na uku, manomi ya dasa yana saurayi jikansa ya ci kuɗin. Har lambar shekarar suke rubutawa da fenti a jikin bishiyar don kar wani ya yi gaggawa.

Mu kam ai an riga an sauƙaƙa mana lissafin. Hadisin Anas yana nan a Bukhari da Muslim cewa babu musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka a gare shi. Ka ga kenan har takwas ɗin da kuregen nan ya sace min ban yi asara ba, ko da yake ranar ban ji haka a raina ba gaskiya. Ga kuma ɗayan da ke cewa in alƙiyama ta tashi alhali da ɗan dashe a hannun ɗayanku, in zai iya dasawa kafin ta tashi to ya dasa. Babu maganar inuwa ko 'ya'ya a ciki sam.

Abu biyu kafin in manta. Kar yara su ci ƙwallon ɗanye, bauri ne da shi sosai saboda sinadarin da ke cikinsa, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, su ma Turawan da ɓawon oak suke jimar fata a da. Yana cutar da doki da shanu in sun ci da yawa, shi yasa a dajin New Forest da ke kudancin Ingila duk kaka ake sakin aladu su cinye shi kafin dawakai su kai gare shi. Na biyu, masu tambaya ko za su iya sa shi a jaka su kai Kano ko Maraɗi su shuka, ni dai ban ba da shawara ba, ƙasashe suna da dokoki kan shigo da iri, kuma wannan itacen sanyi yake so, zafin Afrilunmu ba zai bar shi ba. Wanda ke gida ga tsamiya ga kuka ga kaɗanya, ita kaɗanyar ma sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ta ishe ka makaranta.

Cikin goma sha biyun nan, kurege ya ci takwas, na kashe biyu da tone-tonena, biyu suka rayu. Ɗaya na ba wani dattijo mai gona a bayan gari ya dasa a bakin shingensa, ɗayan kuma yana gefen filin wasan makarantar su 'yata cikin koren bututu, bana ya kai mata ƙugu. Akwai wasu ashirin a bayan gida yanzu haka ƙarƙashin raga, na danne da bulo huɗu, sai watan Afrilu in Allah ya kai mu.